Akta Ba Ya Mutuwa: Awon Fina-finan Jarumai Daga Gawu Babangida

 

Sharhinmu na yau ba na siyasa ba ne, ba kuma na tsadar taki ba. Zancen fim za mu yi, fim ɗin ma na jaruman nan masu tashi sama, masu ɗaga mota da hannu ɗaya, waɗanda harsashi ba ya huda su: su Superman da Spider-Man na Amurka, da su Krrish na Indiya. Na san wani dattijo zai ce, haba Malam, duk abin da ke damun ƙasar nan ka rasa na faɗa sai tatsuniyar Turawa? Baba, a gafarce ni. Ka dubi hoton da ke jikin jakar makarantar jikanka, ka dubi rigar da ya nace a saya masa da sallah. Abin da ya shigo gida har ya hau jikin yara, ai ya isa a zauna a auna shi.

Samari kuwa ba su jira mu ba, sun daɗe suna awonsu. A teburin mai shayi, a shagon masu caji da tura fim a waya, a gidan kallo kafin a take ƙwallo, musun ba ya ƙarewa. Wannan ya ce babu kamar Endgame, wancan ya ce shi dai a bar shi da Krrish fassarar Hausa. Abin da ya hana musun mutuwa shi ne tambaya biyu ake cakuɗawa. Wanne ya fi daɗin kallo, wannan tambaya ce. Wanne ya fi inganci, wannan wata ce daban. Daɗi shi ne abin da ya hana ka tashi ko ana ta kiranka a gida. Inganci shi ne abin da ya sa bayan kwana uku, kana gona ko kana kan babur, fim ɗin ya faɗo maka a rai kana ta juya shi.

A 2019 wani babban daraktan Amurka, Martin Scorsese, ya tayar da ƙura da ya ce shi a wurinsa fina-finan kamfanin Marvel ba silima ba ne, sun fi kama da wurin wasa mai lilo da jiragen yara. Masoyansu suka yi masa ca. Ni a ganina ya faɗi gaskiya a kan da yawansu, ya kuma zalunci 'yan kaɗan. Waɗannan 'yan kaɗan ɗin nake son mu zaƙulo.

Amma kafin nan sai mu faɗi inda muke zaune muna kallo, domin mazauni yana canza hukunci. An shirya waɗannan fina-finai ne don allon da ya kai bangon gida, da sautin da ke girgiza kujera. Mu a nan Gurara, mai son wannan yawanci sai ya ɗauki hanya ya wuce Suleja, ya wuce Dutsen Zuma ya shiga Abuja, ya biya kuɗin mota ya biya na tikiti. Mafi yawanmu a fuskar waya muke kallo, mutum uku sun haɗa kai a kan waya ɗaya, ana kallo ana leƙa caji. Turancin ma in ya yi sauri, sai a koma karanta fuska da hannu. To, waya rariya ce. Siddabarun kwamfuta da aka narkar da miliyoyin daloli a kansa, da rushewar benaye, da yaƙin sararin samaniya, duk tsaki ne, ba sa wucewa. Garin da ke sauka ƙasa abu biyu ne kawai: wane irin bos ne, kuma me akta ya rasa.

Tun zamanin Rambo da Kwamando da fina-finan Cana, kowane yaro ya san akta ba ya mutuwa. To in mutum ba ya mutuwa, ba ya ko jin ciwo, me zai sa gabana ya faɗi dominsa? Sai fa in akwai wani abu nasa da ƙarfin damtse ba ya iya karewa: uwarsa, ko mutuncinsa, ko abincin gobe. Haka bos. In ba shi da hujja, shi dai ya ƙyalƙyale da dariya yana son mallake duniya, to fim ya tashi daga labari ya koma dambe. Da waɗannan biyu zan yi awo, wanda ya ga na tauye mudu sai ya faɗa.

Mu fara da na ƙasan buhu, kuma ba za mu daɗe a kansu ba. Batman v Superman na 2016: an tara jama'a za a ga karon manyan maza biyu, an shafe fiye da awa ana jan rai cikin duhu, da aka zo gaɓar da Batman zai soke Superman sai faɗa ya tsaya cak. Dalili? Sunan uwayensu ɗaya, Martha. Jama'a, da haka ake sulhu, ai da alƙalan Suleja sun huta, don rabin gari 'ya'yan A'isha ne da Fatima. Justice League na 2017 ya bi sahunsa, darakta biyu suka yi masa hannu, kuma ɗinkin yana nan a fili. Ra.One na Shah Rukh Khan, 2011, ya zuba kuɗi ya zuba waƙa har da Akon, amma bos ɗin daga wasan kwamfuta ya fito, babu abin da ke cin ransa, saboda haka babu abin da ya ci namu. Masu kallo ma sun fara gajiya da irin waɗannan. Captain Marvel na 2019 ya haura dala biliyan 1, amma ci gabansa, The Marvels na 2023, da ƙyar ya wuce miliyan 200.

Yanzu ga inda zan ɓata wa samari rai. Avengers: Endgame na 2019 ya tara kusan dala biliyan 2.8, har ya taɓa zama fim mafi kawo kuɗi a tarihi kafin Avatar ya sake karɓe kambunsa. A ma'aunin daɗi, awarsa ta ƙarshe ba ta da sa'a, kuma a cikinsa ne akta ya mutu da gaske, wato Iron Man. Amma shi ne fim na 22 a jerinsa, kuma awa uku yake ci. Wanda bai ga na baya ba zai zauna ne yana ganin mutane suna kuka yana tambayar wa ya rasu. Fim ɗin da ba ya iya tsayawa da ƙafarsa sai an jingina shi da guda 21, ba zan ba shi kan gaba ba. Yayansa, Infinity War na 2018, ya fi shi ƙashi. Bos ɗinsa, Thanos, yana da hujja, muguwar hujja: wai arzikin duniya bai isa ba, sai a rage rabin masu ci. Ya sadaukar da 'yar da ya raina don cika burinsa, ya kuma yi nasara, fim ya ƙare jarumai suna zubewa kamar toka. Duk wanda ya kalle shi a gidan kallo ya san yadda aka fito tsit.

Sarautar daɗi zalla kuwa, a ƙasar Hausa, ta Krrish ce, kuma ba na jin akwai mai ja. Rakesh Roshan ya shirya shi a 2006, ɗansa Hrithik ya fito a ciki, ci gaba ne na Koi Mil Gaya na 2003. Yaro mai baiwa, kakarsa ta ɓoye shi cikin duwatsu don kada duniya ta cinye shi kamar yadda take ganin ta cinye ubansa, soyayya ta ja shi Singafo, gobara ta tashi a wurin wasa, ya rufe fuska ya ceci yara. Akwai kaka, akwai alƙawari, akwai rawa da waƙa. Mu da muka shafe shekaru fiye da hamsin muna kallon Indiya tun daga silimun Kano da Kaduna, wannan harshen mun iya shi. Ga kuma masu fassara irin su Algaita, da suka sa jaruman Indiya suna magana da bakin Kano, suna zolaya da ba'a irin tamu, har tsohuwa a tsakar gida tana bin labari. Sai dai in ka cire waƙoƙin ka cire tsalle-tsallen, abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. A daɗi na farko ne, a inganci yana tsakiya.

Biyar ne a wurina suka haɗa biyun. Logan na 2017 shi ne na biyar. Hugh Jackman ya shekara goma sha bakwai yana fitowa a matsayin Wolverine, mutumin da rauninsa ke warkewa nan take. A nan sai ga shi ya tsufa, raunin ya daina warkewa da sauri, yana tuƙin motar haya don ya sayi maganin tsohon malaminsa da ƙwaƙwalwa ta fara juya wa baya, yana ɗaukarsa ya kai shi bayan gida. Duk wanda ya yi jinyar uba zai gane wannan fim ko bai ji Turanci ba. Amma iyaye da ku masu tura fim, ku ji da kyau: Logan da Deadpool da Joker ba na yara ba ne. Can inda aka yi su ma an sa musu alamar manya, saboda jini da baƙar magana. Kada hoton jarumi a jikin fasta ya ruɗe ku.

Na huɗu tsohon hannu ne, Mr. India na 1987, wanda Shekhar Kapur ya ba da umarni. Anil Kapoor talaka ne mai riƙon marayu a gidan haya, bashin mai shago ya yi masa katutu, sai ya sami wata na'ura da mahaifinsa ya bari, wadda in ya ɗaura ba a ganinsa, abin da mu muke kira layar zana. Da ita ya bi masu ɓoye abinci da masu gurɓata shi. Bos ɗin, Mogambo, ba shi da wata hujja, ya saɓa wa ma'aunina ƙiri-ƙiri, amma Amrish Puri ya taka shi yadda har yau in an ce Mogambo, wanda ya haura arba'in sai ya murmusa. Kuma fim ɗin bai ji tsoron kashe ɗaya daga cikin marayun ba. Daga nan dariya ta ɗauke.

Black Panther na 2018 ne na uku, kuma a nan zan ɗan zauna. Ryan Coogler ya shirya shi, marigayi Chadwick Boseman ya fito a matsayin sarki T'Challa, yana fama da ciwon dajin da ya yi ajalinsa a 2020 ba tare da duniya ta sani ba. Ya haura dala biliyan 1.3, ya ci kyautar Oscar uku, kuma shi ne fim ɗin jarumai na farko da aka sa a takarar gwarzon fim na shekara. Shi aka fara haskawa a Riyad a watan Afrilun 2018 da Saudiyya ta sake buɗe silima bayan fiye da shekara talatin. Harshen da suke yi Xhosa ne na Afirka ta Kudu, rubutun jikin bango an aro shi daga Nsibidi na kudu maso gabashin Najeriya, matan da ke gadin sarki kuma suna tuna wa mutum mayaƙan mata na Dahomey. Wurin da ake karawa don neman sarauta bakin wani magangarin ruwa ne, wanda aka ɗauko hotonsa daga Iguwazu a Kudancin Amurka. Mu da Gurara ke bayan gidanmu, in damina ta yi nisa ruwan yana rugugi, sai mu ce da sun tambaya da mun nuna musu hanya.

Amma ba ado ne ya kai shi nan ba, bos ne. Killmonger ɗan gidan sarauta ne. Baffansa sarki ya kashe ubansa a Amurka, aka bar yaro a can aka dawo gida aka yi shiru. Ya girma ya dawo neman gadonsa. Farkon fitowarsa ma a gidan tarihi ne a Landan, yana tambayar Baturiya yadda kakanninta suka sami kayan Afirka da ke cikin gilashi, kuma duk wanda ya san abin da sojan Ingila suka kwashe a Benin a 1897 ya san ba tatsuniya yake ba. An kashe shi a ƙarshe, amma sarki ya koma ya aikata wani ɓangare na abin da yake kira a yi, ya buɗe ƙofar ƙasarsa. Abin da ya hana fim ɗin hawa sama da nan shi ne faɗan ƙarshe, wanda a waya sai ka ga kamar kyanwa biyu ne na kwamfuta suke kokawa a duhu. Ci gabansa na 2022, wanda aka yi bikin haskawa a Legas, da muryoyin Tems da Burna Boy da Rema, makoki ne mai kyau amma ya yi tsawo.

Na biyu, The Dark Knight na 2008, aikin Christopher Nolan. In inganci kaɗai ake bi, shi ne na ɗaya, babu tantama. Heath Ledger, wanda ya rasu yana da shekara 28 kafin fim ɗin ya fito, aka kuma ba shi Oscar bayan ransa, ya taka Joker, bos ɗin da ba kuɗi yake so ba. Ya tara tulin kuɗi ya cinna masa wuta. Burinsa ya nuna cewa mutumin kirki ma in an matsa shi zai ci naman ɗan'uwansa. Ya ɗana bam a jiragen ruwa biyu, ɗaya na fursunoni ɗaya na mutanen gari, ya ba kowane jirgi makunnin bam ɗin ɗayan. Wani ƙaton fursuna ya karɓi makunnin ya wurga ta taga. Batman kuwa ya rasa matar da yake so, ya kuma ɗauki laifin da ba nasa ba don gari ya zauna lafiya. To me ya sa ban ba shi kan gaba ba? Saboda rabin ƙarfinsa a cikin magana yake, maganar kuma da sauri take, hoton ga duhu. A fuskar waya, da rana tsaka, ga wanda Turancinsa na makaranta ne, rabin fim ɗin ya tafi.

Na ɗaya a wurina shi ne Spider-Man 2 na 2004, wanda Sam Raimi ya shirya, Tobey Maguire ya fito. Na san wasu sun yi tsaki. Ku saurara. Fim ya buɗe da jarumi a kan ɗan babur yana kai saƙon abinci, ya makara, aka kore shi daga aiki. Mai gidan haya yana tsare shi a matakala. Malaminsa na jami'a yana gargaɗinsa zai faɗi. Gwaggon da ta raine shi banki na shirin karɓe mata gida, amma duk da haka ta danƙa masa dala 20 ranar zagayowar haihuwarsa, mai gidan haya ya fizge. Yarinyar da yake so an sa mata rana da wani. Duk wannan saboda lokacin da zai nemi na kansa yana can yana ceton mutanen da jarida ke zaginsa a gabansu. Ya gaji, ya jefa rigar a kwandon shara, ya ɗan ji daɗin rayuwa. Sai ga gobara da yarinya a ciki, ya shiga ba tare da ƙarfin komai ba. Kafin nan ma ya zauna gaban gwaggonsa ya faɗa mata cewa sakacinsa ne ya jawo mutuwar mijinta, ta zare hannunta ta tashi ba ta ce uffan ba. Sannan ga jirgin ƙasan da ya tsayar da jikinsa har ya suma, fasinjoji suka ɗauke shi a kan hannuwansu, suka ga fuskarsa, suka ga ashe yaro ne sa'an 'ya'yansu, suka rufa masa asiri. Bos ɗin ma malami ne mai kirki da ƙirƙirarsa ta fi ƙarfinsa, a ƙarshe ya nutse da ita don kada gari ya hallaka. Babu ɗan acaɓa ko ɗalibin da zai kalli wannan ya nemi tafinta. Ka kashe sautin ma, labarin yana nan.

Saura magana ɗaya, kuma ta gida ce. Superman a 1938 aka haife shi a takarda, wasu samari biyu, Jerry Siegel da Joe Shuster, suka sayar da shi a kan dala 130. Shekara huɗu kafin nan, a 1934, an buga Ganɗoki na Malam Bello Kagara, ɗan Kagara ta nan jihar Neja, bayan gasar rubutu da aka shirya a Zariya a 1933. Jarumin Kwantagora ne da ya gwabza da Turawa, sannan ya nausa gabas ya shiga yaƙi da aljannu. Ga Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, wanda ya tashi gurgu kafin a ba shi ƙarfi. Ga Sarauniya Amina ta Zazzau, wadda masarautar Suleja ke da rabo a tarihinta, an riga an yi mata fim a 2021. Kuma Ganɗoki yana ɗauke da abin da ya ɗaga Black Panther: rundunar Nagwamatse ta Kwantagora da littafin ke yi wa kirari, a ƙasar Gbagyi da muke zaune a kai hare-harenta ake tunawa. Daraktan da zai iya riƙe waɗannan fuskoki biyu a fim ɗaya, ba tare da ya ci zarafin kowa ba, ya yi abin da kuɗi ba ya saye.

Masu shirya fim na Kano da Kaduna da Jos za su ce ina kuɗin siddabarun? Ku nemi Minnal Murali na 2021, daga Kerala ta kudancin Indiya. Tela ne a ƙauye tsawa ta faɗa masa, tsawar nan kuma ta faɗa wa wani mai aiki a shagon shayi da gari ya raina tun yana yaro. Ɗaya ya zama jarumi, ɗaya ya zama bos, kuma sai ka rasa wanda za ka fi tausaya wa. Babu birnin da aka rusa, babu sararin samaniya, ƙauye ne da kasuwa da motar haya. Kiranmu gare ku shi ne ku je Zariya ku nemi izinin Ganɗoki daga masu haƙƙinsa, ku zauna da marubuci wata shida kafin ku taɓa kyamara, in kun tashi ɗauka kuma ga duwatsu ga ruwa a Gurara. Ku kuma masu sauraro da ba ku yarda da jerina ba, ku sa a tura muku Spider-Man 2 ku kalla zuwa ƙarshe, sannan mu yi musun a mako mai zuwa.